Ramin da Ake Kira na Arzika

Jiya da hantsi na bi ta bakin datsin Illela na tarar da ku kuna gyara, kowa da kwandonsa, ana raha. Na tsaya na duba inda kuke ɗebo ƙasa, sai na ga nan gindin datsin ne, taku uku daga inda kuke zubawa. Da na yi magana, wani mai ƙaton wuya a cikinku ya ce mini, "Baba Nomau, datsi ai tara ƙasa na. Mi na abin wahala ciki?" Wani kuma ya ce in kwantar da hankalina, ba za ku yi aikin Arzika ba. Aka fashe da dariya. Mutum ɗaya ne bai yi dariyar ba, Ummaru, don Arzikan da kuke faɗa kakansa ne. Magidanci da gemunsa, na ga ya sunkuya yana gyara bakin kwandon da ba abin da ya same shi.

To, tunda kun iya tara ƙasa, ku saurara in gaya muku yadda ake tara ta. Gara ma tana tara ƙasa, kuma ta fi ku tsabtar aiki.

Ni ɗan magina ne, ubana magini, kakana magini. Lokacin da na je wurin Arzika ina da mata da 'ya ɗaya, na iya soro, na iya rumbu, katangata ba ta karkata. Na ɗauka wata biyu ya ishe ni in ƙwace masa sana'a, don ina ganin datsi katanga ce da aka kwantar. Arzika gajere ne, baƙi, ba ya son magana, in ya yi ta kuma sai ka gwammace bai yi ba. Ranar farko ya dube ni ya ce ya ji an ce ni gwani ne, saboda haka zai fara ni da abin da ya dace da gwani. Ya ɗebi ƙasa ya ce in buɗe baki.

Shekara guda na yi ina cin ƙasa. Ba wasa nake muku ba. Duk inda muka je, sai ya sa in ɗora 'yar kaɗan a haƙori in gaya masa abin da na ji. In ta yi ƙaras-ƙaras, akwai rairayi. In ta liƙe a dasashi kamar tuwon da ya kwana, laka ce. Daga nan a jiƙa ta, a murza a tafin hannu har ta zama igiya, a naɗe ta a yatsa. Wadda ta karye tun ba a lanƙwasa ba, ta noman gyaɗa ce. Wadda ta naɗu sumul ba tsaga, baƙar laka ce, tana riƙe ruwa amma da rani takan tsage har ka sa hannu, don haka a tsakiyar datsi ake ɓoye ta, a lulluɓe ta da jar ƙasa mai tsakuwa. Akwai kuma wata munafuka, mai kyan gani, wadda in ka dunƙule ta ka jefa cikin ƙwaryar ruwa sai ta narke kafin ka gama alwala. Wannan ko kyauta aka kawo ta bakin aiki, Arzika sai ya sa a kwashe.

Kayan aikinmu ba su da yawa. Dagi na fasa ƙasa mai tauri, fartanya, kwanduna, salka ta yayyafa ruwa, da madaɓi. Sai sandar ƙarfen Arzika, wadda wani maƙerin Gidan Katta ya ƙera masa, ta fi mutum tsawo. Yakan kafa ta ya danna da ƙirji yana juyawa, kunnensa a jikin ƙarfen. Shi ƙasar da ke sama ba ta dame shi ba, abin da ke kwance ƙarƙashinta yake nema. Mutane na wucewa suna cewa tsohon yana sauraron aljanu, shi kuwa bai taɓa musa musu ba, don hakan na sa su bar shi ya yi aikinsa.

Aikin farko da ya bar ni na sa hannu, wani ɗan datsi ne a fadamar Amarawa, na masu albasa. Kwana shida ba mu ɗora ko kwando ɗaya ba. Muka kankare ƙasar sama duka, da ciyawarta da saiwoyinta, muka tone gidan gara biyu har uwarsu, muka cike ramukan gafiya. Sannan muka haƙa dogon rami a tsakiya, daga wannan gaɓa zuwa waccan, har muka taɓa laka mai tauri, muka cika shi da kwaɓaɓɓiyar laka ana takawa da ƙafa. Masu gonar suka zo suka ce sun kira mu mu tare ruwa, ga shi muna yi masa hanya. Arzika ya ce musu ruwa ba ya tsallake datsi sai ya rasa ta ƙasa, kuma ba kasafai yake rasawa ba. Suka tafi suna gunaguni. Datsin nan yana nan har yau, jikokinsu ke cin albasarsa.

Masu ba mu aiki kala-kala ne, amma abu ɗaya suke so: tsawo. Bafatake ya ce a yi masa mai tsayi don a hango daga hanya. Wani malami da ruwa ke cin makarantarsa ya dage sai an zuba yankakkiyar ciyawa a kwaɓin, tunda haka ake ginin soro. Arzika ya ce masa ciyawa za ta ruɓe ta bar ƙofofi, malam ya kawo hujja da Larabci, Arzika ya ce a karanta wa ruwan ya ji. Ba wanda ya taɓa tambayarmu faɗin gindi, ko ta ina rarar ruwa za ta fita in datsi ya cika. Ita kuwa wannan mafitar, a kan marmara ake yanka ta, can gefe, tun kafin a fara komai.

Ɗora ƙasar ma da kuke gani, ba jibgewa ake yi ba. Taƙi ɗaya ake shimfiɗawa, a yayyafa ruwa, a daɓe, sannan a ƙara. Arzika ba ya yarda da madaɓi kaɗai, ya ce hannun mutum maƙaryaci ne, yana gajiya bai faɗa ba. Sai ya roƙi Fulani su kora tumakinsu su yi ta kai da kawowa a kai, ranar kasuwa kuma ya tare hanya da ƙaya don jakunan fatake su bi ta kan aikin dole. Fatake su yi ta zagi, jakuna su yi ta daɓe. Kofato yana shiga inda madaɓi ba ya kaiwa, kuma gangaren datsi, in jaki da kaya bai hau shi a natse ba, ya yi tsaye da yawa.

Yanzu ga shekarar da kuke yi wa dariya ba ku san ta ba.

Ruwanmu na nan daga arewa yake zuwa. A zamanin ne Nasara suka raba ƙasar, aka kafa duwatsu, aka ce nan na Ingilishi, can na Faransa. Fatake suka koyi tsayawa a iyaka, jakuna ma suka koya. Ruwa ne kaɗai ba a samar wa tafinta ba. In aka yi mamako a can, sai ya biyo kwari ya faɗo wa unguwar gangare, inda rabin rumbunan garin suke. Damina biyu a jere ya ci hatsi, sai wani Bature da ke zagayen ƙasa, wanda muke kira Mai Agogo don ba ya minti bai ciro shi ya duba ba, ya ce a tare kwarin. Uban ƙasa ya kira Arzika ya danƙa masa aikin. Aka tattaro mutane daga Darna da Amarawa da Gidan Katta, aikin tilas, kowa da guzurinsa.

Arzika ya yi kwana tara yana caka sandarsa a cikin kwarin, yana dawowa fuska a murtuke. Abin da ya ji shi ne: laka ce a sama, kaurinta zuwa ƙirjin mutum, ƙarƙashinta kuwa rairayi ne zalla, tsohuwar hanyar ruwa. Muka haƙa ramin tsakiya kamar kullum. Ta gefe da gefe muka taɓa ƙasa mai tauri, amma a tsakiyar kwarin muka yi tsawon mutum biyu, ruwa ya fara tsattsafowa, gefen ramin na zubowa, rairayin bai ƙare ba. Dole muka tsaya muka cike da laka iya inda muka kai. Arzika ya kira ni ya nuna mini filin da ke gaban datsin, inda ruwa zai taru, ya ce lakar nan da ke shimfiɗe ita ce tabarmar da ruwan zai zauna a kai, ita kaɗai ta raba shi da rairayin. Ya kafa turaka ya zagaye wurin. Ya ce ƙasar aiki daga tudun yamma za a ɗebo, taku ɗari uku, kuma duk fartanyar da ta taɓa cikin turakan nan zai karya ta a bayan mai ita.

Na ji, na gane. Kada wani ya ce muku ban gane ba.

Datsi ya kai kugu sai kurkunu ya kama Arzika a ƙafa biyu. Aka ɗauke shi zuwa gida, ana naɗe masa tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, ko bayi sai an riƙe shi. Aiki ya dawo hannuna. Hadari ya fara haɗuwa a gabas. Mutanen ƙauye suka zo suka durƙusa, suka ce gonakinsu ko sharar fari ba a yi ba, in aka ci gaba da zuwa tudu shuka za ta wuce su. Mai Agogo ya zo a kan doki ya ciro abinsa ya duba, ya ce ta bakin tafinta yana son ya ga an gama kafin ya dawo daga Sakkwato. Duk wannan gaskiya ne, kuma na daɗe ina fakewa da shi. Amma abin da ya fi su ƙarfi shi ne jinin magina. Ku duba garin nan: duk gidan da kuka gani, kududdufinsa na bayansa. Magini bai taɓa tafiya nesa ɗebo ƙasa ba, inda zai gina nan yake haƙa. Ga laka mai kyau kwance a gabana, wadda ta naɗu a yatsa sumul, a ce in bar ta in tafi tudu? Na ce a raina tsoho ya cika tsoro. Na tuge turakan da hannuna.

Aiki ya yi gudu, ba ƙarya. Abin da zai ci wata biyu muka gama a kwana ashirin. Rami ya buɗe a gaban datsin, faɗinsa ya kai masussuka. Ran nan wani mutumin Darna ya kira ni ya nuna mini fartanyarsa ta fara fito da farin rairayi. Na ce ya matsa gefe ya ci gaba. Da muka gama, don in nuna ni ɗan gado ne, na sa aka yaɓe fuskar datsin sumul, aka shafe da makuba, har zanko na yi masa a kusurwa biyu kamar zauren attajiri. Mai Agogo ya zo ya shafa da hannu, ya tambayi sunana, ya rubuta. Kwana uku ina tafiya ban ga ƙasa ba.

Ranar da ruwan ya zo, a nan ko ɗigo ba a yi ba. Rana tsaka, sama fes, sai muka ji kwari na ruri daga arewa. Kafin azahar ruwa ya taru a gaban datsin, ja wur, ya tsaya cak. Gari ya fito kallo. Mata na guɗa, makaɗa suka hau kan datsin, uban ƙasa ya zo da dogarai. Ni ina tsaye kusa da zankona ina amsa gaisuwa.

Can na hango jaki tafe a hankali, Arzika a kai, ƙafafu a ɗaure da tsumma. Bai hau inda muke ba, ko kallon makubar bai yi ba. Ya zagaya bayan datsin, ɓangaren da ke busasshe, ya shiga wata gonar wake, ya sa aka sauke shi ya zauna a ƙasa. Na sauka na same shi. A gabansa wasu 'yan idanun ruwa ne guda huɗu ko biyar, kowanne bai fi bakin ludayi ba, suna ɓuɓɓugowa, kowanne ya tara ɗan tsibin rairayi a bakinsa. Ya tara hannu ya ɗebi ruwan ya miƙo mini. Tun shekarar farko ya koya mini: in ruwan da ke fita bayan datsi garau yake, zufa ce, a bar shi. Wannan kuwa kamar kunu yake.

Ya ce, "Nomau, ina kaɗ ɗebo ƙasa?"

Ya juya ya dubi inda turakansa suke a da, inda yanzu ruwa ke juyawa a hankali kamar ana dama fura. Bai sake tambayata ba.

Ya sa aka kira dogarai, ya ce a sauko da mutane daga kan datsin, a kwashe hatsin unguwar gangare zuwa tudu, yanzu. Ya ce ni kuma in ɗauki mutum ashirin da dagi mu sare datsin ta ƙarshen gabas, ruwan ya ragu kafin tsakiya ta zauna. Ƙarshen gabas kuwa gandun uban ƙasa yake kallo, gero ya kai gwiwa. Uban ƙasa ya ce ashe ciwo ya taɓa kan tsohon, datsi lafiyayye a ce a sare? Arzika ya ce, "Ranka shi daɗe, ko gandunka ko rumbunan talakawa. Zaɓi guda, ruwan ga ba shi jiranmu." Uban ƙasa bai ce e ba, bai ce a'a ba, ya juya dokinsa. Muka sara.

Ruwa ya kwashe gandun tas. Muna cikin haka, wajen la'asar, tsakiyar datsin ta nutse kamar an zare mata kujera, zankona ɗaya ya bi ruwa. Amma rabin ruwan ya riga ya fita ta gabas. Wanda ya shiga unguwa iya gwiwa ya tsaya, rumbu bakwai suka faɗi, uku a cikinsu ba a gama kwashewa ba. Ba a rasa rai ba. Ramin da na haƙa kuwa ruwa ya ƙara yashe shi ya zama tafkin da kuke wanka a ciki, kuna kiransa ramin Arzika.

Bayan kwana huɗu Mai Agogo ya zauna a ƙarƙashin tsamiya, uban ƙasa a gefensa fuska ba annuri, gari ya kewaye. Aka kawo Arzika a kan jakinsa. Tafinta ya ce Bature na tambaya wa ya gina datsin da ya fashe, wa kuma ya sa aka sare shi. Ina tsaye taku biyu daga wurin. Mutanen ƙauyen da suka haƙa ramin duk sun koma gonakinsu, waɗanda ke nan kuma ba mai son a ce da shi.

Arzika ya ce, "Ni nag gina, ni nas sare."

Shi ke nan. Aka hana shi taɓa aikin ruwa a ƙasar har abada. Mai Agogo ya buɗe littafinsa ya ga sunan saurayin nan mai hanzari da ya gama aiki a kwana ashirin, ya ce shi za a ba gyaran. Mutane suka yi mini barka, na amsa.

Da yamma na je gidansa, na tsuguna a bakin zaure. Yana kwance ana naɗe masa tsinken ƙafa. Bai bar ni na yi magana ba. Ya ce, "Kak ka ɗauka don ina son ka na. In nac ce kai na, su kore ka, su ba wani magini, shi sake haƙa rami wuri guda. Kai ko ka gani da idonka, ba ka sakewa. Tashi ka ba ni wuri."

Datsin da kuke gyara yanzu shi ne na biyu. Rani biyu muka yi a kansa, can gaba da na farko, inda sandar ƙarfe ta ce, kowane kwando daga tudu. Ni ake gani a bakin aiki, amma duk yamma sai na kai wa Arzika ƙasa a ƙullin riga ya ɗanɗana ya ce a ci gaba ko a kwashe. Shi kuwa ya ƙare rayuwarsa yana liƙe tsagar rumbunan mata, yara na binsa da waƙa. Duk wanda tukunyarsa ta yoyo, ko dangarsa ta faɗi, sai a ce aikin Arzika. Bai taɓa ce mini in yi shiru ba, bai kuma ce in faɗa ba. Ni na ga shirun ya yi mini daɗi, na zauna a cikinsa. Na ɗauki gawarsa da kafaɗata, na gaji sandarsa, aka yi ta kirana gwani shekara da shekaru, ina jin ana zagin sunansa a kasuwa ina gyara rawani. Kunyar wannan ta fi ta ramin, kuma ita ce ban iya cikewa ba.

Saboda haka, Ummaru, ɗaga kanka. Kakanka ko kwando ɗaya bai ɗeba a ramin nan ba, yana kwance da kurkunu aka haƙa shi. Hatsin da ya ciyar da iyayen rabin waɗannan masu dariyar a shekarar, shi ya tsamo shi. Ku kuma, da mai ƙaton wuya da sauranku, gobe da safe ku mayar da ƙasar da kuka ɗeba a gindin datsin, taƙi-taƙi, ku yayyafa ruwa ku daɓe. Tudu yana nan inda yake, taku ɗari uku, bai matsa ba. In kuma bakinku na ƙaiƙayi sai kun kira sunan wani a kan aikin banza, ku ce aikin Nomau. Ina da rai, kunnena ɗaya na ji, kuma ramin nawa ne.